Na Cire Mata Abin Kunne, Na Kawo Babbar Lasifika

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da masu sauraro baki ɗaya. Ni ne Alhaji Sabo mai lasifika a unguwar PZ. Bokona bai yi nisa ba, amma da hannuna na kafa shagona, kuma Sabon Gari ta san sautina.

Matata, Hajiya Rabi, tana fama da ciwon karkarwa da likitoci ke kira Parkinson. In ta miƙe sai tangaɗi. 'Yarmu Zainab, mai karatun jami'a a Samaru, ta sa mata wani sauti mai kauri a waya, wai yana rage tangaɗi. Ta ce, "Baba, da abin kunne ake ji, kowane kunne da nasa amon. Gwaji ne kawai, a riƙa riƙe ta."

Na ce, "Ke da na haifa za ki koya mini sauti?" Na ɗauko babbar lasifika daga shago, na riƙa kunna mata sautin kullum har tagogi na rawa. Rana ta huɗu na ce, "Hajiya, ajiye sandar nan, taho." Ta ce, "Alhaji, ƙafata ba ta yarda ba." Na nace. Taku biyu ta yi ta faɗi, ƙugunta ya karye.

Yau tana kwance, ba abin da take ce mini sai "ƙaddara ce". Zainab kuwa in ta gaishe ni ba ta ɗaga kai. Malama, likitocin shirinku su faɗa mana gaskiyar sautin nan. Iyaye kuma ku ba ni shawara: yaya uba ke ba 'yarsa haƙuri? Wallahi ban taɓa yi ba.