Mai Duba Danja

A tashar motar Minjibir, da hantsi, wani direba ya tare wani dattijo mai jiran motar Kano.

"Baba, don Allah tsaya a bayan motar nan. In na taka birki, ka faɗa min ko danja ta kawo."

"To, taka."

"Ta kawo?"

"Ban ga komai ba."

"Kash! Jiya mai babur ya dake ni ta baya, ya rantse bai ga wuta ba. Bari in sauya ƙwan fitilar. Yanzu fa?"

"Shiru kake ji."

"To fiyus ne. Ga sabo na saka. Duba."

"Ɗana, motarka dai sai addu'a. Anya ba akuya ce ta cinye wayar ba? Ina jin warinta."

"Baba, ba da hanci ake duba wuta ba. Duba sosai."

"Babu."

"Shi ke nan, lodin yau ya wuce ni, sai na nemo mai gyara. Kai me za ka yi a Kano?"

"Asibiti zan je. Yanar ido ce ta rufe min duka biyun, gobe za a yi min aiki."

"Haba Baba! Na cire ƙwai da fiyus, ƙila ma lafiyarsu ƙalau! Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Shekara biyu ke nan, a gidana ko awon gero ba wanda ya ce in duba. Yau an ce 'Baba, duba min', sai in ce ba zan iya ba?"

Direban ya buɗe ƙofar gaba.

"Shigo nan kusa da ni, Baba. Ka duba min hanya."