Fiyar Odile Ba Ta Gatari Ba Ce

Mai girma shugabar majalisar gari, Madam Delvaux, limamin cocinmu Fada Anselme, 'yan majalisa, manoman garinmu Hautrive, da ɗaukacin jama'ar da suka cika wannan zaure, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Ina godiya da kuka ba ni, Solange Marchal, damar magana kafin ku jefa ƙuri'a kan faɗaɗa hanyar coci, aikin da zai ci bishiyar fiya, wato "pear" ta ƙasashen sanyi, ta ƙarshe daga irin da muke kira Fiyar Odile.

Da farko, asalinta. Kakar mahaifina, Odile, ita ta tsinci tsiron a bayan garken aladu, ta yi ta renonsa. Da bishiyar ta fara 'ya'ya, mijinta Firmin ya gatsa ɗaya, haƙorinsa ya kusa fita. Ya ɗauko gatari ya ce, "Ke Odile, wannan ko alade ba zai ci ba!" Ta tsaya gaban bishiyar ta ce, "Kai ma da ɗanyenka na aure ka, ai ban sare ka ba. Ajiye gatarin nan." Ya ajiye.

Na biyu, halinta. Fatarta kaushi, launinta na ƙasa, ranar tsinka tauri kamar dutse. Amma a shimfiɗa ta kan ciyawa a ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, sai tsakiyar hunturu, lokacin da sauran 'ya'yan itace suka ruɓe, ita kuwa ta nuna, ta yi zaƙi, ruwanta har gwiwar hannu. A hunturun yaƙi, da aka kwashe mana dankali da hatsi, ita ta riƙe yaran garin nan. Wasunku jikokin yaran ne.

Na uku, roƙona. An ce mini ta tsufa. Haka ne, amma da tsohuwar zuma ake magani. Na yi wa rassanta aure da ƙananan itatuwa, sun kama, sai dai ba su kai haihuwa ba. In aka sare uwar yau, sanyi kuma ya kashe ƙananan gobe, iri ya ƙare ke nan. Injiniya Lambotte ya tabbatar mini hanya za ta iya kaucewa ta gefen filina. Na ba da filin, kyauta. Saura hannuwanku wajen ƙuri'a, kuma na san za su tashi don ceton bishiyar.

Allah ya albarkaci gonakinmu, ya raya 'ya'yanmu, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.