Kaset Biyu da Wasan Rediyo, Duk Ɓarawon Damina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Mamman, manomi a Banga.

Bara malamin gona ya haska muna wani fim mai suna Ɓarawon Damina, kan ƙuduji, ciyawar nan da ke kashe gero. Bana ƙuduji ya cika muna gonaki, sai na tafi kasuwar Kaura na ce da mai kaset ya ba ni Ɓarawon Damina. Ya miƙo, na biya.

Na ari bidiyo da janareta, na tara dattawan gari har da liman. Ana kunnawa sai ga saurayi da budurwa suna waƙa cikin ruwan sama! Ga shi kuwa Shari'ar Musulunci ta zo jiharmu. Liman ya tashi, ya ce, "Mamman, wagga ita ce ciyawar?" Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Na koma wajen mai kaset da faɗa. Ya ce shi abin da na tambaya ya ba ni, har ya nuna mani sunan a jikin kwali. Wani tela kusa da shi ya ce, "Ai Ɓarawon Damina wasan kwaikwayo ne na rediyo, labarin ɓarawon shanu."

Kaina ya ɗaure. Masu raɗa wa finafinai sunaye ba su yin shawara da juna ne? Don Allah wanda ya san inda na ƙuduji yake ya faɗa. Kuma in liman na saurare, wallahi ciyawa na je nema. Yanzu ko sallamata ba ya amsawa, gerona kuma na ta mutuwa.