Ruwan Karan Dafi da Ƙarin da ke Kaina

Ina gaishe ku da sunan Yesu, 'yan'uwana. Ni ce Rahila, mai sayar da shinkafa da wake a bakin tasha a Tafo.

Da rana tsaka ciwon ya fara. Sai in ji ƙaurin shinkafa alhali ban hura wuta ba. Daga baya mutum ya tsaya gabana da kwanonsa, in ga rabin fuskarsa kawai, rabin babu. Yana magana, rabin baki yana motsi! Na ji tsoro ƙwarai. Maƙwabta suka ce iska ce ta taɓa ni.

A asibiti aka ɗauki hoton kaina, aka ce ciwon daji ne a ƙwaƙwalwa, sai an yi aiki.

Yayata Saratu ta ce sam. Ta ji a waya wai akwai wani sinadari a ganyaye, filabonoyid, mai rage wa ƙwayoyin ciwon saurin yaɗuwa. "Ga shi cikin karan dafi da muke dafa shinkafa da shi kullum," in ji ta. "Wanda aka buɗe ma kai ba ya komowa shi ɗin, wani ne ke tashi."

Haka ta dinga ɗura mini jan ruwan karan dafin nan kofi-kofi. Harshena ya rine, ganina kuwa sai ƙara tsukewa yake.

Rannan na kalli Saratu na kasa tuna sunanta. Nan na zube a tsakar gida na ce, "Yesu, idan za a buɗe kan nan, kai ka riƙe mini ni." Sai tsoron ya sake ni.

Na tambayi likita zancen ganyen. Ya ce ana bincike da gaske, amma yawanci a ɗakin gwaji aka gani, ba a kan mutum ba tukuna. In ci ganye a abinci, aiki kuwa ba fashi.

Aka yi aikin. Da na farfaɗo, ga Saratu can jikin bango, ta ƙi matsowa, tana leƙen idona ta ga ko wa ya tashi.

Na ce, "Yaya Saratu, wa kika bar wa tukunyata?"

Ta ƙwala ihu, ta faɗa kaina tana kuka.

Har yanzu ina karɓar magani, ban gama ba. Amma ni ce nan tsaye. Godiya ga Ubangiji! Mai jin tsoro a cikinku, ka miƙa masa kanka, zai riƙe. Amin.