Tayoyin Babur ɗin Jandarma

A tashar Baleyara, ranar kasuwa, Baushe na jiran motar Filinge, ya ja wata dattijuwa da hira.

"Inna, mu dai mun yi abin kai. Tun da soja suka sauka, Yamai ba ta aiko wa jandarmanmu ko ɗigon mai ba. Muka ce mu riƙe abinmu da kanmu: wanga ya kawo damen hatsi, wancan akuya. Yanzu ba su kallon hannun kowa."

"Hannun Yamai dai, ɗana. Bara shanu suka faɗa gonata, hatsi ya fid da kai, suka cinye shi ƙaf. Na taka har wurin jandarma. Babbansu ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, ya ce, 'Inna, ki yi haƙuri. Mai shanun shi ya saya muna tayoyin babur. Mu hau tayarshi mu kamo shi?'"

Baushe ya tuna guɗar da aka yi mishi ranar da ya miƙa tayoyin nan. Makiyayinshi ya ce 'yar ɓarna ce, an kashe maganar, shi kuma bai tambaya ba.

"Kin san mutumin, inna?"

"Ban taɓa ganin shi ba. An ce mutumin kirki ne, mai kyauta." Ta gyara ƙullin geron da ta auno. "Shekara arba'in ina noma, yau ni ce a layin awo. Kai ɗan wane gida ne?"

Baushe ya dubi ƙasa.

"Baƙo ne ni, inna."