Filin da Baba Yohanna Ya Ƙi Nomawa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Sintali nake rubuto maka.

Ƙanin mahaifina soja ne, jirginsu ya faɗi a wani daji kusa da Jalingo lokacin yaƙin basasa, amma ba mu taɓa sanin wurin ba. Gwaggona, yayarsa, ta tsufa, burinta kawai ta ga kabarin ɗan'uwanta.

Na bi tsofaffin jaridu ban samu komai ba, sai wani ɗan kasuwar doya ya tura ni wurin Baba Yohanna, wani dattijon manomi. Ya nuna mini ɓarin fiffiken jirgi, lambarsa ta yi daidai da ta takardar soja da ke hannunmu. Sannan ya kai ni tsakiyar gonarsa, wani fili da aka kewaye da duwatsu.

Na ce, "Baba, me ya hana ku noma nan?"

Ya ce, "Ɗana, ni da babana muka binne su. Ba a tayar da kunyar doya a kan baƙo. Kun dai daɗe a hanya!"

Makon jiya Gwaggo ta yi addu'arta a wurin, shi kuma ya cire hula ya tsaya gefenta.

Ya ƙi karɓar komai. Masu sauraro, da me ake gode wa irin wannan mutum?