Ni da Hannuna Na Ɗaga Jikata

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Malam Garba ne daga Bazaga, na rubuto da kaina albarkacin karatun manya.

Kafaɗata ta riƙe tun girbi. Abokai suka ce tsufa ne, in ɗaure hannun in haƙura. Na ƙi, na tafi asibiti Konni aka yi hoto. Likita ya ce ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta kumbura, ɗauri kuwa sandarar da ita zai yi. Ya ba ni magani, ya koya mini hawa bango da yatsu.

Ilu mai shayi ya ce, "Tsoho ya koma ƙadangare!"

To Ilu, ka ji: ranar sunan jikata, ƙadangaren ne ya ɗaga jaririyar, amaryarsa ta wasa, sama, hannu bibbiyu. Gobe ma bangon zan hau. Ina gaida majalisarmu.